Dokokin kantunan magani da safarar magunguna: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu sayen magani, masu jinya da masu niyyar buɗe kanti suka fi maimaitawa. Kowace ƙasa da dokarta, amma ginshiƙan kusan iri ɗaya ne. Su muka bayyana, muka kawo misalin ƙasashe a inda aka sha bamban.

Me ya sa ba a bar magani a kasuwa kamar sauran kaya ba?

Saboda mai saye ba shi da hanyar gane ingancinsa. Mai sayen yadi zai taɓa, ya duba saƙa, ya ja ya ji ƙwarinsa. Mai sayen ƙwayar magani kuwa ba zai gane da ido ko da harshe ba cewa miligiram 500 ne a ciki, ko 200, ko alli ne zalla. In ciwon bai tafi ba ma, ba zai san ko maganin ne ya gaza ko cutar ce ta yi ƙarfi ba. Doka tana ƙoƙarin yi masa binciken da ba zai iya yi da kansa ba.

Manyan dokokin nan galibi sai da aka yi asarar rayuka aka kafa su. A 1937 wani kamfani a Amurka ya narka maganin salfanilamaid a cikin sinadarin dayetilin gilaikol, wanda ake taƙaitawa DEG, don ya zama na ruwa. Mutum fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara. A 1938 aka yi dokar da ta wajabta a nuna magani ba ya cutarwa kafin a sayar da shi. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1961, talidomaid da ake ba masu juna biyu saboda laulayi ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu. Bayan haka ne Amurka ta ƙara sharaɗi a 1962 cewa sai an tabbatar maganin yana warkarwa, Birtaniya kuma ta yi tata babbar dokar a 1968.

Wace hukuma ce ke sa ido?

Da wuya ta zama ɗaya, domin abu uku ake ba izini daban-daban: maganin kansa, wurin da ake ajiye shi ko sayarwa, da mutumin da ke bayarwa. Rajistar magani aikin hukumar magunguna ta ƙasa ne, irin su FDA a Amurka, MHRA a Birtaniya, NAFDAC a Najeriya. Lasisin masanin harhaɗa magunguna, da na kanti a ƙasashe da dama, yana hannun majalisar ƙwararrun wannan sana'a. Magunguna masu sa maye kuma suna da ƙarin wata hukumar a kansu. Samun ɗaya daga cikin ukun ba ya wadatarwa. Ana samun magani mai rajista a rumfar da ba ta da lasisi, ana kuma samun kanti mai lasisi da aka rataye satifiket ɗin ƙwararre a bango alhali mai shi yana wani gari, wata-wata yake karɓar kuɗin aron sunansa. Duka biyun karya doka ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba kanti lasisi, ba ta kuma rufe shi. Ƙa'idoji take shimfiɗawa, tana fitar da gargaɗi, tana tantance wasu magunguna da ƙungiyoyin agaji ke saye tun 2001, tana kuma auna ƙarfin hukumomin ƙasashe a mataki huɗu, na huɗun ne mafi ƙarfi. Tanzaniya ce ta fara kai wa mataki na uku a Afirka a 2018, sai Gana a 2020, sai Najeriya da Masar a 2022.

Me ake nufi da an yi wa magani rajista?

Kamfani kan miƙa kundin bayanai: sinadarin da ke aiki da inda aka samo shi, sauran kayan haɗi, yadda ake sarrafawa mataki-mataki, gwajin da kowane rukuni, wato kason da aka haɗa a lokaci guda, zai tsallake kafin ya bar masana'anta, da sakamakon gwajin juriya ga zafi da laima. In sabon magani ne, sai an haɗa da gwaji a kan mutane har mataki uku. Hukuma ta tura sufetoci masana'antar, ko ta dogara da binciken wata hukumar da ta yarda da ita, ta gwada samfuri, sannan ta ba da lamba. A ƙasashe da yawa ana sabunta rajistar bayan shekara biyar.

Rajista ba ta kamfani ba ce gaba ɗaya. Ta wannan magani ce, a wannan ƙarfi, a wannan siffa, daga wannan masana'anta. Ƙwaya da sirof na magani guda lamba biyu suke da ita. Gwajin juriya ma ya danganta da inda za a sayar: na ƙasashe masu matsakaicin yanayi a digiri 25 na ma'aunin Salshiyos da laima kashi 60 cikin 100 ake yinsa, na ƙasashe masu tsananin zafi da laima kuma a digiri 30 da laima kashi 75. Shi ya sa maganin da aka yi wa kasuwar ƙasa mai sanyi, aka karkatar da shi ƙasa mai zafi ta bayan fage, zai iya lalacewa kafin ranar da ke jikinsa ko da na gaske ne.

Mene ne bambancin famasi da ƙaramin kemis?

Famasi yana ƙarƙashin ƙwararren da ya yi digiri a harhaɗa magunguna, ya yi horon aiki, ya shiga rajista. Shi ke da ikon ba da kowane rukunin magani. Ƙaramin kanti kuwa wanda ba ƙwararre ba ne ke riƙe da shi, da lasisi mai iyaka da jerin magungunan da aka yarje masa: na zazzaɓi da ciwon kai, gishirin ruwan gudawa, wasu na tari da makamantansu. Ƙasashen da ƙwararru suka yi musu ƙaranci ne suka ƙirƙiro wannan mataki don kada karkara ta rasa magani. Najeriya da Gana suna da shi, Tanzaniya kuma tun 2003 take horar da masu irin waɗannan kantuna ta ba su shaida ta musamman da jeri mai ɗan faɗi.

Inda ake samun matsala shi ne tsallake jerin. Yin allura, ƙarin ruwa, ɗinki, ko ajiye magunguna masu sa maye ba sa cikin wannan lasisi, komai daɗewar mai kantin a sana'ar.

Me ya sa wasu magunguna sai da takardar likita?

Ana duba abu huɗu: ko mutum zai iya gane ciwon da kansa, ko tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa tana da faɗi, ko maganin yana sa dogaro, da ko yana buƙatar gwajin jini ko awon hawan jini a kai a kai. Amurka ta raba magunguna gida biyu a 1951. Birtaniya gida uku ta yi: na takardar likita, na famasi kaɗai ba tare da takarda ba, da wanda kowane shago zai iya sayarwa.

Ko na ukun ma da iyakarsa. Tun 1998 Birtaniya ta taƙaita fakitin farasitamol zuwa ƙwaya 16 a shagunan gama-gari da 32 a famasi, saboda wuce giram 4 a rana ga babba yana iya lalata hanta, kuma alamun ba sa fitowa sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Magani yakan sauya rukuni in an daɗe ana amfani da shi ba a ga wata babbar illa ba, kamar yadda aibufurofen ya fita daga rukunin takarda a Birtaniya a 1983. Tallata maganin takarda kai tsaye ga jama'a kuwa, Amurka da Niyu Zilan ne kaɗai aka sani da halatta shi sosai.

Me takardar likita za ta ƙunsa, kuma mai famasi zai iya ƙin ba ni magani?

Sunan marar lafiya, shekarunsa, nauyinsa in yaro ne, kwanan wata, sunan magani, ƙarfinsa, adadin da za a sha, sau nawa a rana, kwana nawa, sai sunan likita da sa hannunsa. Takarda tana da wa'adi. A Birtaniya ta gama-gari wata shida take yi, ta yawancin magungunan da ake sa wa ido kwana 28.

Zai iya ƙi, wani lokaci ma wajibi ne ya ƙi. Aikinsa ba miƙa kwali ba ne, shi ne ido na biyu a kan abin da likita ya rubuta. Ɗigo ɗaya da bai fito ba yana mayar da 1.0 ya zama 10. Maganin metotireksat da masu ciwon gaɓoɓi ke sha sau ɗaya a mako ya kashe mutanen da aka rubuta wa ko suka fahimci kullum ne. In ya ga irin wannan, ko magunguna biyu da ba sa haɗuwa, ko alamar an yi wa takardar gyara da wani alƙalami, zai tuntuɓi likitan tukuna. Wannan rabon aiki tsoho ne: Sarki Frederick na Biyu ya raba likitanci da harhaɗa magani a Sisili tun wajen 1240, Koriya ta Kudu kuma ta tilasta shi a 2000, don kada mai rubuta magani ya zama shi ne mai cin ribar yawan abin da ya rubuta.

Antibayotik fa? Ai ana sayar da shi ba takarda.

Ana sayarwa, amma a yawancin ƙasashe doka ta hana. Illarsa ba ta tsaya ga mai sha ba: wanda ya sayi kafso huɗu na amoksisilin don mura, wadda antibayotik ba ya yi wa komai, ya ba ƙwayoyin cutar da ke jikinsa damar sabawa da maganin, su kuma ba sa zama a jiki ɗaya. An ƙiyasta cewa a 2019 bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku: na farawa da su, na taka-tsantsan, da na ajiya don ranar da sauran suka gaza. Indiya ta wajabta wa kantuna rubuta sunan likita da na marar lafiya a rajista ta daban ga wasu daga cikinsu tun 2014.

A ganinmu rashin doka ba shi ne matsalar ba. Inda babu likita kusa, kame da tara kaɗai ba sa hana wannan ciniki, sai dai su mayar da shi ƙarƙashin kanta.

Yaya ake tafiyar da magunguna masu sa maye irin su mofin, kodin da tiramadol?

Nan ne kaɗai dokar ta zama ta duniya baki ɗaya. Yarjejeniyoyi uku na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 1961 da 1971 da 1988, su ne tushe, kuma hukumar duniya mai sa ido kan waɗannan magunguna, wato INCB da ke Biyenna, ita ce ke bin sawu. Kowace ƙasa tana miƙa ƙiyasin abin da take buƙata a shekara, kowane kaya kuma sai da izinin shigowa daga ƙasar da za a kai da izinin fitarwa daga ƙasar da ya taso. A kanti ana kulle su a akwatin ƙarfe da aka kafe a bango ko a ƙasa, da rajista mai nuna abin da ya shigo, abin da ya fita, ga wa, da abin da ya rage. In an karɓi kwalaben allura 100, an ba da 12, to 88 za a tarar. In ɗaya ta fashe, a rubuta da shaida. Wanda ya lalace ma ba a zubarwa sai a gaban wanda doka ta amince da shi.

Tiramadol ba ya cikin jerin yarjejeniyoyin, kowace ƙasa ita ke yi masa doka, kuma wannan giɓi ne masu safara ke bi. Amurka da Birtaniya sun saka shi a jerin nasu a 2014. Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da sirof ɗin tari mai kodin a 2018.

Akwai ɗaya ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Tsananin takardu yana sa asibitoci da kantuna su daina ajiye mofin gaba ɗaya, masu ciwon daji su mutu cikin azaba. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin waɗannan magungunan rage raɗaɗi da ake rabawa a duniya.

Ta wace hanya magani ke bi daga masana'anta zuwa kanti?

Sinadarin da ke aiki galibi daga Sin ko Indiya yake fitowa. Wata masana'antar ta mayar da shi ƙwaya ko sirof, mai shigo da kaya ya kawo, babban dila ya karɓa, 'yan sari su rarraba, sannan kanti. Kowannensu da lasisinsa, kuma ƙa'idar da ta ɗaure su ɗaya ce: kada ka saya sai daga mai lasisi, kada ka sayar sai ga mai lasisi, kuma kowace takardar sari ta nuna lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi. Da wannan ne ake iya ɗaukar kwali guda daga kanta a bi sawunsa har tukunyar da aka haɗa shi.

A tsakiya abin yake ɓaci. Mai kanti ya samu wanda ya kawo masa kaya da rahusa ba takarda, ko ya je kasuwar da ake tara magani a rumfuna inda kwali ya bi hannu biyar ba wanda ya rubuta komai. Ta wannan ƙofa jabu ke shiga, da kayan da aka sace daga ɗakunan ajiyar gwamnati, da waɗanda aka goge wa kwanan wata aka buga sabo. Da zarar sun haɗu da na gaske a kanta ɗaya, ko mai kantin ba zai iya rarrabe su ba. Mai buɗe kanti ya nemi kwafin lasisin dilansa, ya duba bai ƙare ba, ya kuma ƙi duk kayan da lambar rukunin kwali ta saɓa da ta takarda.

Wane sharaɗi aka gindaya kan ajiya?

Abin da ke jikin kwali shi ne doka. Mafi yawan ƙwayoyi ƙasa da digiri 25 ko 30, nesa da rana da laima, a kan katako ba a ƙasa ba. Insulin, alluran rigakafi da oksitosin da ke tsayar da jini bayan haihuwa suna buƙatar digiri 2 zuwa 8. Firjin magani ba a sa masa abinci ko lemo, ba a jera magani a ƙofarsa ko a jingine da bangon baya, kuma ana rubuta zafinsa safe da yamma.

Mutane sun fi tsoron zafi, amma ƙanƙara ma tana ɓarna. Insulin da ya daskare ya tashi daga aiki ko da ya narke ya koma kamar yadda yake. Haka rigakafin ciwon hanta nau'in B da na sarƙewar haƙora. Zafi kuwa taruwa yake yi: awa shida a bayan mota yau, kwana biyu ba wuta gobe, ƙarfin maganin yana raguwa ba tare da launinsa ya sauya ba.

In ranar da ke jiki ta wuce, maganin ya zama guba?

Galibi ba guba yake zama ba, rauni yake yi. Ranar tana nufin kamfani ya ba da tabbacin ƙarfin maganin, yawanci aƙalla kashi 90 cikin 100, har zuwa lokacin, in an ajiye shi yadda aka ce kuma ba a buɗe ba. In wata da shekara kaɗai aka rubuta, ƙarshen watan ake nufi. Sayar da shi bayan nan laifi ne, don haka ake jera kaya ta yadda mai kusa da ƙarewa zai fara fita. Bayan buɗewa lissafi ya sauya: maganin ɗigawa a ido galibi kwana 28, insulin da ake amfani da shi kusan haka, garin antibayotik na yara da aka zuba wa ruwa kwana 7 zuwa 14.

Jabu da marar inganci duk ɗaya ne?

A'a, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. A 2017 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da rabe-rabe uku. Jabu shi ne wanda aka yi ƙarya da gangan game da abin da ke ciki ko wanda ya yi shi, wannan aikin 'yan sanda ne da kwastan. Marar inganci daga kamfani mai lasisi yake, amma ya gaza mizani saboda sakaci a masana'anta ko mummunar ajiya, wannan aikin sufeto ne. Na uku shi ne marar rajista a ƙasar da ake sayar da shi. A shekarar ce hukumar ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marar inganci, kuma na zazzaɓin cizon sauro da antibayotik aka fi kawo rahotonsu.

To ni mai saye yaya zan gane?

Ba za ka gane duka ba, amma za ka rage haɗari. Duba cewa lambar rukuni da kwanan wata na kwali sun yi daidai da na takardar azurfar da ke ciki. Duba hatimi, kuskuren rubutu, ƙwayar da ke marmashewa ko ta sauya launi daga wadda ka saba. Lambar rajista a kwali ba hujja ba ce ita kaɗai, masu jabu ma suna bugawa. A nemi lambar a shafin hukuma a ga ko sunan magani, ƙarfinsa da kamfanin sun dace da ita.

Wasu ƙasashen sun ba kowane kwali lambarsa shi kaɗai. Najeriya ta fara tsarin kankare lamba a tura ta saƙon waya a 2010. Tarayyar Turai tun 9 ga Fabrairun 2019 take wajabta wa magungunan takarda wata alama mai murabba'i da na'urar famasi ke karantawa kafin a miƙa, in an taɓa sayar da wannan lambar sai ta yi gargaɗi. Duk da haka, inda ka saya ya fi duk waɗannan nauyi, kamar yadda amsar hanyar safara ta nuna.

Yaya sirof ya kashe yara a Gambiya?

Sirof yana buƙatar ruwan narkawa irin su gilisarin. Akwai na magani, akwai na masana'antu mai rahusa, wanda kan zo gauraye da DEG, sinadarin nan na 1937, mai kashe ƙoda. In masana'anta ta yarda da takardar mai kawo kaya ba ta gwada kowace ganga da kanta ba, gubar ta shiga. Gwajin gama-gari da ke auna ƙarfin maganin ba ya gano ta, sai an neme ta da gangan da na'ura ta musamman. A 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya, sama da 200 a Indonesiya, wasu kuma a Uzbekistan. Najeriya ta rasa yara fiye da 80 a 2008 zuwa 2009 ta maganin fitowar haƙori. Yaron da ya daina fitsari ko ya ragu sosai bayan shan sirof, a kai shi asibiti nan take, a tafi da kwalbar.

Mai rahusa da ke ɗauke da sunan sinadari daidai yake da mai sunan kamfani?

In hukuma mai ƙarfi ta yi masa rajista, e. Haƙƙin mallakar sabon magani shekara 20 ne daga ranar da aka nema, bayan nan kowa zai iya yinsa. Sharaɗin shi ne a ba masu lafiya duka biyun, a auna yadda suke shiga jini, sakamakon ya faɗa tsakanin kashi 80 zuwa 125 cikin 100 na na asali da tabbaci na lissafi. A aikace bambancin yakan yi ƙasa da haka nesa. Launi da kayan haɗi za su iya bambanta. Ga magungunan da ɗan bambanci ke da tasiri, irin wasu na farfaɗiya da wafarin mai tsinka jini, ya fi kyau a tsaya kan kamfani ɗaya, in za a sauya a sanar da likita.

Kowa zai iya mallakar famasi?

Nan ƙasashe suka fi saɓani. A Jamus sai ƙwararre, kuma kanti ɗaya da rassa uku ne iyakarsa. Faransa ma sai ƙwararre, tana kuma ƙayyade yawan kantuna da yawan mazauna gari. Suwidin gwamnati ce kaɗai ke da famasi har 2009. Birtaniya da yawancin jihohin Amurka sun bar kamfanoni su mallaki ɗaruruwa, da sharaɗin kowane reshe yana da ƙwararren da zai amsa laifi. Abin da bai sauya ba ko'ina shi ne ba a ba da maganin takarda sai ƙarƙashin kulawar ƙwararre.

Me sufeto ke dubawa in ya zo?

Lasisin wuri da na mutum, da ko mutumin yana nan. Takardun sari, yakan zaɓi kwali biyu ko uku daga kanta ya ce a nuna masa inda aka saye su. Rajistar magunguna masu sa maye, ya ƙirga da hannunsa. Takardar zafin firji, kuma in ya ga digiri 5 aka rubuta kullum wata guda da alƙalami ɗaya, ya san a zama ɗaya aka cike ta. Sai kayan da wa'adinsu ya ƙare, ko an ware su an yi musu alama. Hukunci yana farawa daga gargaɗi da wa'adin gyara, zuwa tara, ƙwace kaya, rufe kanti, soke lasisi, har kotu.

Me ke faruwa in aka janye magani daga kasuwa?

Ana fitar da sanarwa da sunan magani da lambar rukuni, dila ya duba takardunsa ya kira duk wanda ya sayar wa, kanti ya sauke kayan ya mayar. Janyewa mataki-mataki ce, mafi tsanani ita ce wadda ke barazana ga rai, ita ake kai wa har gidajen mutane ta rediyo da jaridu. Wani lokaci rukuni ɗaya ne, wani lokaci maganin gaba ɗaya, kamar ranitidin na gyambon ciki da aka janye a 2019 da 2020 saboda sinadarin NDMA da ake zargi da jawo ciwon daji. Kada mai hawan jini ko farfaɗiya ya daina shan magani don ya ji sanarwa, ya duba lambar rukuninsa tukuna, ya nemi madadi.

Sayen magani ta intanet halal ne a doka?

A ƙasashe da yawa an yarda, in akwai famasi na zahiri mai lasisi a bayan shafin. Tarayyar Turai ta wajabta tambari guda tun 2015, wanda in an latsa zai kai mutum rajistar hukuma. Shafin da ke ba da maganin takarda ba tare da neman takarda ba, ba adireshi, ba sunan ƙwararre, a guje shi. Tun 2008 'yan sandan ƙasa da ƙasa na Interpol ke kai samame kan irin waɗannan shafuka, ana rufe su suna sake buɗewa da sabon suna.

Magani ya yi mini illa ko ina zargin jabu ne, ina zan kai ƙara?

Ka koma wurin likita ko famasi da kwalin, ragowar maganin da rasit, kada ka zubar. Hukumar magunguna ta ƙasa tana da fom na rahoton illa, da yawa kuma suna da manhajar waya. Ba sai ka tabbatar maganin ne ya jawo ba, zargi ya isa. A rubuta sunan magani, lambar rukuni, ranar farawa, abin da ya faru da sauran magungunan da ake sha. Birtaniya ta fara irin wannan tsari a 1964 bayan talidomaid, kuma rahotannin ƙasashe suna taruwa a cibiyar Uppsala ta Suwidin, inda ake gano illolin da gwajin 'yan dubban mutane bai nuna ba. Ƙorafi kan halin mai kanti kuwa majalisar ƙwararru ake kai wa, kamar yadda aka bambanta a amsa ta biyu.

Zan iya tafiya wata ƙasa da maganina?

A bar shi a kwalinsa na asali, a riƙe takardar likita mai ɗauke da sunan sinadarin ba na kamfani kaɗai ba, a ɗauki daidai buƙatar tafiya. Dokar ƙasar da za ka ita ke aiki, ba ta inda ka saya ba. Kodin da tiramadol sun jefa matafiya a kurkuku a Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Japan kuma tana hana wasu magungunan mura masu sudo'efedrin. In maganinka yana cikin waɗanda aka yi bayani a amsar masu sa maye, a tambayi ofishin jakadancin ƙasar makonni kafin tafiya, domin wasu sai da izini a rubuce. Insulin kuma a jakar hannu ake riƙe shi, ɗakin kayan jirgi yana iya daskarar da shi.